Wace manhaja ce za ta iya riƙe mini lissafin littattafan zane sama da dubu?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Littattafan zane, wato masu ba da labari da zane-zane (comics), da ke hannuna yanzu sun haura dubu ɗaya da ɗari. Kusan rabinsu na gada ne daga yayana, Allah ya ji ƙansa, wanda ya fara tarawa tun yana sakandare, sauran kuma ni na riƙa tsinto su a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari da kuma hannun abokai masu dawowa daga waje. Akwai na Marvel da DC, akwai 'yan kaɗan na Faransanci, akwai kuma na gida Najeriya da aka buga tun shekarun 1970 da 1980. Shekara shida ina rubuta su a littafin rajista mai kauri irin na makaranta, amma abin ya fi ƙarfinsa, domin a watan jiya na sayi wata fitowa da murna, na dawo gida na tarar ina da ita har guda biyu a ƙasan akwatin ƙarfe. Abin da nake so shi ne manhajar da za ta nuna mini abin da nake da shi ko da babu intanet, ta gaya mini akwatin da kowane littafi yake ciki, ta kuma riƙe sunan wanda na ba aro. Me kuke amfani da shi?

Injiniya_Bash:
Wa alaikumus salam, Malam Abba. Allah ya gafarta wa Yaya. Idan mafi yawan kayanka na Amurka ne, manhajoji biyu ne aka fi ambata. Ta farko ita ce CLZ Comics ta kamfanin Collectorz da ke Amsterdam, wadda ake biyan kuɗinta wata-wata ko shekara-shekara. Kana haska bakod ɗin bangon littafi da kyamarar waya, sai ta jawo suna da lamba da hoton bango da sunayen marubuci da mai zane daga rumbun bayananta. Tana da gurbin rubuta wurin ajiya da kuma na aro. Ta biyu ita ce League of Comic Geeks, wadda ainihin aikinta kyauta ne, kuma ta fi ƙarfi wajen bibiyar sababbin fitowa, tunda bisa al'ada ranar Laraba ce sababbin littattafai ke shiga shaguna a Amurka. Ni ta farkon nake amfani da ita shekara uku ke nan, kuma na shigar da littattafai ɗari huɗu cikin ƙarshen mako biyu.

Ummu_Khalil:
Ina goyon bayan League of Comic Geeks ga mai farawa. Ni da ɗana muke tarawa, kuma ya ishe mu ba tare da mun biya ko kwabo ba. Shawarata ita ce ka fara gwadawa da littattafai hamsin kafin ka ɗaura wa kanka biyan dala.

Tsohon_Malami:
Injiniya, ka yi bayani mai kyau, amma akwai abin da ya kamata a faɗa wa Malam Abba tun yanzu don kada ya zaci haska waya zai gama masa aikin. Bakod bai fara bayyana a bangon littattafan zane na Amurka ba sai tsakiyar shekarun 1970, saboda haka duk abin da ya girmi wannan lokaci da hannu za a nemo shi. Waɗanda suka biyo baya ma ba duka suke da sauƙi ba. A shekarun 1980, kofen da aka kai shagunan littattafan zane kai tsaye sau da yawa ba su da bakod, sai a sa wani ɗan hoto a cikin akwatin da ya kamata ya zauna, kamar kan Spider-Man a na Marvel. Kofen da aka sayar a teburan jarida kuwa suna da bakod, amma 'yar lambar da ke gefensa alƙaluma biyu ce kawai, don haka lamba ɗaya tana iya dacewa da fitowa da dama na shekaru daban-daban, sai manhaja ta jero maka su ka zaɓa da idonka.

Na zamani ne suka zo da alƙaluma biyar a gefe. Uku na farko lambar fitowa ce, na huɗu yana nuna wane bango ne, na biyar kuma yana nuna bugu na nawa ne. Idan ka ga 00111, fitowa ta ɗaya ce, bango na farko, bugu na farko. Idan ka ga 00112, wannan littafin ne dai amma bugu na biyu. Idan kyamara ta ɗauki dogon bakod ɗin ta bar wannan ƙaramin, to jerin kawai, wato sunan mujallar, za ta gane, ba fitowar ba. Tunda rabin kayanka na marigayi ne, ina kyautata zaton da yawa daga cikinsu za su faɗa cikin rukunin da sai an bi da hannu.

Abba_Fagge:
Allah ya saka da alheri, Baba Malam. Na tashi na buɗe akwati ɗaya yanzu na duba, kuma maganarka ta tabbata. Cikin ashirin da na ɗauko daga sama, bakwai ne kawai suke da alƙaluma biyar ɗin. Wasu ma an manna musu takardar farashi a daidai kan bakod ɗin, ina kuma tsoron ɓare ta kada bangon ya yage.

Injiniya_Bash:
Na karɓi gyaran Baba Malam, domin nawa kusan duka na bayan shekarar 2005 ne, shi ya sa aikin ya zo mini da sauƙi. Sai dai ko ba bakod, neman jeri da suna sannan a yi ta danna lambobin da ake da su ya fi rubutu da biro sauri nesa ba kusa ba. Kada ka taɓa takardar farashin nan, Malam Abba, ka nemo su da suna kawai.

Zinariya_Zazzau:
Wurin neman da suna ɗin ne ni na sha wahala, kuma ina so a yi hattara. Kamfanonin nan suna yawan mayar da lamba farko. The Amazing Spider-Man ya fara a 1963, aka sake fara shi daga lamba 1 a 1999, aka koma tsohon lissafi da lamba 500 a 2003, sannan aka sake wata lamba 1 a 2014, wata kuma a 2018. Wanda ya rubuta "lamba 5" kawai a rajistarsa bai faɗi komai ba sai ya haɗa da shekarar da jerin ya fara. Na taɓa shigar da littattafai talatin da biyu a ƙarƙashin jerin da ba nasu ba, ban farga ba sai da na lura hotunan bangon da ke waya ba su ne ke hannuna ba. Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa shi ne 'yan ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko ko a cikin bango, inda mawallafi ke bayyana cikakken sunan jerin da lamba da wata da shekara. Wannan ya fi abin da ke kan bango inganci. A kuma tuna cewa watan da aka buga a bangon tsofaffin littattafan Amurka yakan yi gaba da ainihin lokacin da suka shiga kasuwa da wata biyu ko uku.

Bagobiri_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Na ga Malam Abba ya ambaci na Faransanci, ban kuma ga wanda ya taɓo su ba. Mu nan da su muka tashi. Tsarinsu ya bambanta da na Amurka, domin yawanci littattafai ne masu kwalin bango da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma na baya-bayan nan suna ɗauke da lambar ISBN kamar kowane littafi. Rumbun da ya fi sanin su shi ne Bédéthèque, tare da manhajarsa BDGest, kuma suna bambance bugun farko da na baya dalla-dalla. Idan naka ba su wuce talatin ko arba'in ba, bai kamata ka buɗe musu manhaja ta daban ba. Ka duba bayaninsu a can, ka kwafo shi da hannu zuwa inda ka ajiye sauran. Ni abin da ya dame ni shi ne mujallar Kouakou, wadda aka riƙa raba wa yara a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci tun daga shekarun 1960. Ina da ashirin da shida da mahaifiyata ta adana mini cikin kwalla, kuma duk da hannu na rubuta bayaninsu.

Dan_Borno_London:
Ku yi mini afuwa in kawo wata fuska. Malam Abba, kafin ka yi nisa, ka san darajar abin da ke cikin akwatunan nan? Ɗaya daga cikin amfanin manhaja mai kuɗi shi ne tana iya haɗa ka da farashin kasuwa. An sayar da kofi ɗaya na Action Comics lamba 1, na shekarar 1938, a kan dala miliyan 6 a 2024. Ban ce kana da irinsa ba, amma kayan shekarun 1970 da 1980 sukan ɓoye fitowar da wani sanannen jarumi ya fara bayyana a cikinta, kuma masu saye suna nemanta ido rufe.

Tsohon_Malami:
Ɗan Borno, ina ganin wannan magana tana buƙatar linzami. Farashin da waɗannan manhajoji ke nunawa na kasuwar Amurka ne, kuma ya rataya ne kacokan a kan lafiyar littafin. Tun 1970 ake buga jagoran farashi na Overstreet, kuma a cikinsa ma littafi ɗaya yana da farashi daban-daban gwargwadon yanayinsa. Kamfanin CGC, wanda ya fara aiki a shekarar 2000, yana auna littafi a kan ma'auni daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi cikin roba mai tauri, kuma manyan kuɗin da ake ji yawanci na irin waɗannan ne. Littafin da ya shekara arba'in a ɗakin Kano, ya sha zafin bazara da ƙurar hunturu, ya bi ta hannun yara goma, takardarsa ta yi ja, ƙusoshinsa sun yi tsatsa, ba zai kai ko kusa da lambar da waya za ta nuna ba. Akwai kuma waɗanda aka buga da yawa har suka rasa tsada. X-Men lamba 1 na 1991 ya fito da bango iri biyar, an sayar da kofi sama da miliyan 8, saboda mutane sun saye shi da niyyar ajiya, kuma yawan nan ne ya sa har yau yake da araha. Na ga matasa sun shigar da kayansu, sun ga jimillar kuɗi a allo, sun fara lissafin sayen fili.

Dan_Borno_London:
Gaskiya ne, Baba, ban musa ba. Abin da nake nufi shi ne ya san waɗanda suka fi daraja don ya ware su ya ba su kulawa ta musamman, ko da bai yi niyyar sayarwa ba.

Abba_Fagge:
Na fahimci ku duka biyun. Sayarwa ba ta cikin niyyata, musamman na Yaya, waɗanda da yawansu ya rubuta sunansa da ajinsu da jan biro a shafin farko. Na san wannan rubutu yana rage musu kuɗi a wurin masu saye, amma ni shi ne abin da nake fara nema idan na buɗe littafin. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne na gida. Daren jiya na sauke wata manhaja don gwaji, na rubuta sunayen guda goma daga cikin na Najeriya, ba ta gane ko ɗaya ba.

Hajiya_Mai_Laburare:
Malam Abba, wannan da ka faɗa shi ne gaɓar da nake jira a iso. Na yi shekara ashirin da biyu ina aikin kundin littattafai a ɗakin karatu, kuma abin da na koya shi ne manhaja ba ta san komai ba sai abin da wani mutum ya zauna ya shigar mata. Na Amurka sun cika rumbunan ne saboda dubban masu sha'awa sun yi shekaru suna shigar da su. Namu kuwa ba a yi musu wannan hidima ba, alhali muna da abin shigarwa. Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a 1976, daga cikinta Papa Ajasco ya fito kafin ya koma talabijin. A tsakiyar shekarun 1970 an buga Powerman domin kasuwar Najeriya, kuma Dave Gibbons da Brian Bolland ne suka zana shi tun kafin su yi suna a duniya. Daga baya yaranmu suka tashi da Supa Strikas. Yanzu ga Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013, ga kuma Malika ta Roye Okupe, wadda aka gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Na baya-bayan nan da suka sami mawallafa a waje suna da ISBN, ana samun su. Tsofaffin ne ke cikin haɗarin ɓacewa ba tare da an san ko fitowa nawa aka yi ba.

Akwai Grand Comics Database, wanda masu sa-kai suka kafa a 1994, ba don riba ba, kuma burinsa shi ne ya tattara bayanin littattafan zane na duniya baki ɗaya, ba na Amurka kaɗai ba. Kowa yana iya yin rajista ya shigar da jeri ko fitowa ko hoton bango, sai editocinsu su duba kafin su amince. Idan kana da fitowa arba'in na wata mujallar Najeriya ta 1980 a akwatinka, mai yiwuwa kai ne mutumin da ya fi dacewa ya shigar da su. Ka rubuta sunan mawallafi da garin bugu da maɗaba'a da farashin da ke bango, naira ne ko kwabo, da yawan shafuka da girman takarda. Idan babu shekara a jiki, kada ka ƙirƙira, ka rubuta cewa babu, sannan ka kawo abin da ya sa kake hasashen lokacin, kamar wata talla da ke ciki.

Zinariya_Zazzau:
Hajiya, Allah ya ƙara basira. Tambayata ita ce, mujallun hoto irin su African Film, mai ɗauke da Lance Spearman, da aka yi yayinsu a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, su ma littattafan zane ne? Hotunan mutane ne na gaske aka jera aka sa musu magana a baki, ba zane ba. Kawuna yana da 'yan kaɗan.

Hajiya_Mai_Laburare:
A kundin kaina zan sa su, in ba su rukuni nasu, domin tsarin ba da labarin iri ɗaya ne, kuma masu karatunsu ɗaya ne. Game da rumbun jama'a kuwa, sai a karanta ƙa'idarsu a bi.

Sadiq_Linux:
Ina so in dawo da mu kan sharaɗin farko da Malam Abba ya kafa, wato aiki ba tare da intanet ba, in kuma ƙara wani da bai ambata ba. Kowace manhaja za ka zaɓa, ka fara tabbatar da cewa tana barin ka fitar da bayananka a fayil ɗin CSV, wanda Excel ke buɗewa. Na taɓa zuba littattafai kusan ɗari shida a wata ƙaramar manhajar waya, da bayanin inda na sayi kowanne da nawa na saya, sai mai ita ya daina sabunta ta. Da na sauya waya ta ƙi buɗewa, kuma babu hanyar fitar da komai. Aikin wata huɗu ya tafi. Ko ComicRack, da masu ajiye littattafan zane a kwamfuta suka dogara da ita shekaru, mai ita ya daina aiki a kanta, sai dai tsarin bayananta na ComicInfo ya rayu domin wasu manhajoji irin su Komga da Kavita suna karanta shi. Ga mai kwamfuta akwai Tellico da GCstar, kyauta ne, suna zaune a kan na'urarka, kuma suna da gurbin littattafan zane. Ga mai Windows da ke son babban rumbu akwai ComicBase, wadda ta samo asali tun 1992, sai dai cikakkiyarta ta kuɗi ce.

Ummu_Khalil:
Maganar Sadiq ta tuna mini batun biya. Ƙanena ya yi rajistar wata manhaja mai kuɗi, da lokacin sabuntawa ya zo katinsa na naira ya ƙi wucewa, ya yi makonni yana neman wanda zai biya masa daga waje. Duk wanda zai shiga ya tanadi hanyar biya tukuna, ya kuma riƙa fitar da kofin bayanansa duk ƙarshen wata.

Bagobiri_Maradi:
Tunda Malam Abba ya ambaci akwatin da kowane littafi yake ciki, a haɗa da gyaran akwatin kansa. Gara ta cinye mini littattafai goma sha ɗaya a damina guda saboda na ajiye kwali a ƙasa jikin bango. Yanzu kowane akwati yana kan katako, littattafan a tsaye cikin leda da kwali a bayansu, na kuma manna wa kowane akwati harafi da lamba. A lissafina akwai gurbin ranar da na buɗe akwati na ƙarshe, domin wanda aka daɗe ba a buɗe ba shi ne gara ke samu.

Injiniya_Bash:
Duk da haka ni a ra'ayina raba lissafi gida biyu ko uku wahala ce. Manhajar da nake amfani da ita tana barin mutum ya shigar da littafi da hannu ya ɗora hoton bangon da ya ɗauka da kansa. Na Najeriya da na Faransanci duk za su zauna wuri ɗaya da na Marvel, kuma idan yana tsaye gaban mai sayarwa a Sabon Gari, waje ɗaya zai duba.

Sadiq_Linux:
Injiniya, wuri ɗaya ɗin nan Excel ma yana bayarwa, kuma ba ya neman dala.

Injiniya_Bash:
Yana bayarwa, amma ba zai nuna masa hoton bango ba, ba kuma zai gaya masa lambobin da suka yi giɓi a jeri ba, alhali matsalar da ta kawo shi ke nan.

Abba_Fagge:
Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin da zan riƙe. Ga abin da na fara yi yau da safe. Na jera akwatuna tara, na manna musu lamba, na ɗora su a kan benci kamar yadda Bagobiri ya ce. Zan gwada na Amurka guda hamsin a manhajojin nan biyu in ga wadda ta fi gane tsofaffin, in kuma kashe data in ga wadda za ta buɗe, kafin in yanke shawarar biya. Na gida kuwa na ƙirga su, guda ɗari da tamanin da uku ne, kuma na fara rubuta su a Excel da guraben da Hajiya ta lissafa. Hajiya, na riga na ci karo da matsala: akwai guda huɗu da bangonsu ya cire gaba ɗaya, babu suna babu lamba, sai dai na gane zanen. Yaya zan shigar da su?

Hajiya_Mai_Laburare:
Ka ba kowanne lambar wucin gadi, ka rubuta cewa ba shi da bango, ka ƙirga shafukan da suka rage, sannan ka kwafe jimlar farko ta labarin yadda take. Ka ɗauki hoton shafin farko da na tsakiya ka turo nan, wataƙila kawun Zinariya ko Baba Malam su gane fitowar.

Tsohon_Malami:
Ka turo, Malam Abba, amma ka ɗauka da hasken rana, kuma ka haɗa da shafin talla idan akwai. Ina da wasu na wannan zamani a gida, zan kwatanta.